An Ɗauki Fuska, An Bar Hatimi: Zaluncin da Muke Yi wa Matan Fadar Masar

A birnin Berlin na Jamus akwai abubuwa biyu da aka kwaso daga Masar, kowannensu yana da alaƙa da wata mace ta gidan sarauta. Na farko shi ne sassaƙen kan Nefertiti, wanda wata tawagar Jamusawa ƙarƙashin Ludwig Borchardt ta tono a Amarna ranar 6 ga Disamba, 1912. An ware masa ɗaki guda shi kaɗai a gidan tarihin Neues Museum, kuma hotonsa ya zagaye duniya, daga kwalaben turare har allunan shagunan gyaran gashi. Na biyu wata tsohuwar takarda ce ta fafirus, irin wadda ake yi da ciyawar bakin Nilu, an rubuta ta a shekara ta 33 kafin Miladiyya. Umarni ne daga fadar Kiliyofatra, inda aka yafe wa wani babban Barume haraji: a kowace shekara ya fitar da awo 10,000 na alkama, ya shigo da tulu 5,000 na giyar inabi, ba tare da ya biya ko anini ba. A ƙasan takardar akwai kalma guda ta Girkanci mai ma'anar "a zartar", kuma wasu masana na ganin sarauniyar ce ta rubuta ta da hannunta.

Kowa ya san na farko. Na biyu kuwa, in ban da masana, da wuya a sami wanda ya taɓa jin labarinsa. Wannan bambanci shi ne ƙarar da na kawo. Matan fadar tsohuwar Masar sun riƙe muƙamai, sun mallaki gandaye da rumbuna, sun yi musayar wasiƙu da sarakunan ƙetare, wasu ma sun zauna a kan karagar kanta. Mu kuwa mun tattara wannan duka mun ajiye gefe, muka maida su sarauniyoyin kyau. Masu fim da 'yan kasuwar kayan kwalliya ne suka fara, amma masu ilimi ma sun bi sahu, domin duk wanda ya kwana yana gardama a kan launin fatar Kiliyofatra, fuskar dai yake kallo, kamar mai sayar da tozali.

Kalmar da ta rikita lissafi

Wani ɓangare na rikicin ya samo asali ne daga harshe. Ingilishi yana da kalma ɗaya da yake kiran matar sarki da ita, yake kuma kiran mace mai mulki da ita. Da muka ari labarin Masar ta hannun Turawa, sai muka fassara kalmar da "sarauniya", muka lulluɓe kowa da mayafi guda. Alhali Bahaushe ya fi kusa da fahimtar Bamisire na dauri a wannan fage. A Hausa matar sarki daban, sarauniya daban. Kuma a Kano an san cewa Mai Babban Ɗaki, wato mahaifiyar sarki, tana da matsayin da babu wata matar sarki da ke da shi.

Haka mutanen Masar suka rarrabe nasu. Suna da "matar sarki", da "babbar matar sarki" wadda take kamar uwargida, da "uwar sarki", da "'yar sarki", da "'yar'uwar sarki". Kowane laƙabi yana nuna dangantakar mace da mai karaga, kuma kowanne yana da nasa hurumi da kadarori. Idan kuwa mace ta kai ga mulki da kanta, sai ta ɗauki laƙaban sarki cif-cif, domin ba su tanadi wata kujera ta daban ga mace ba. Saboda haka tambayar farko da ta kamata a yi game da kowace ɗaya daga cikinsu ita ce: wane muƙami ta riƙe, kuma me muƙamin ya ba ta ikon yi? Wanda ya tsallake wannan tambaya ya tafi neman siffar hanci, ya bar jaki yana dukan taiki.

Abin da suka riƙe a hannu

Tun daga gidan sarauta na farko, wajen shekaru 5,000 da suka wuce, akwai Merneith, mahaifiyar sarki Den. Kabarinta yana Abidos a jerin na sarakuna, kuma girmansa ya sa Flinders Petrie, wanda ya tono shi a 1900, ya ɗauka na wani sarki namiji ne.

Wajen shekara ta 1550 kafin Miladiyya, lokacin da gidan sarautar Tibis, wato Luksor ta yau, yake yaƙin korar Hiksos daga arewacin ƙasar, mazan gidan sun yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har karaga ta faɗo kan yaro, Ahmos. Mahaifiyarsa Ahhotep ce ta yi riƙon ƙwarya. Da ya girma sai ya kafa allon dutse a Karnak yana yabonta da cewa ita ta kula da sojoji, ta dawo da waɗanda suka tsere, ta kwantar da tarzoma a kudu. Wannan yabon janar ne. Matar Ahmos ɗin, Ahmos-Nefertari, an ba ta muƙamin "Matar Amun", babban abin bautar Tibis, kuma aka rubuta a dutse cewa filaye da dukiyar da aka haɗa da muƙamin nata ne da magadanta, babu sarkin da zai ƙwace. Ma'aikatan ƙauyen Deir el-Medina sun ci gaba da girmama ta ɗaruruwan shekaru bayan rasuwarta.

Tiye, babbar matar Amenhotep na Uku, ba 'yar sarki ba ce. Iyayenta Yuya da Tuya manyan mutanen garin Akhmim ne. A cikin wasiƙun laka da aka gano a Amarna a 1887 akwai wadda Tushratta, sarkin Mitanni a arewacin Siriya, ya aiko mata ita kanta bayan mijinta ya rasu. Ƙorafi yake yi cewa an yi masa alkawarin mutum-mutumi na zinariya zalla, amma sabon sarki ya aiko masa da na itace da aka lulluɓe da zinariya. Dalilin da ya bayar na tunkarar ta shi ne ita ta fi kowa sanin abin da aka ƙulla tsakaninsa da marigayin. Sarkin wata ƙasa ba ya kai ƙarar cinikin zinariya wurin wadda aikinta ado ne kawai. Haka nan bayan yarjejeniyar sulhu tsakanin Ramsis na Biyu da Hittiyawa, wajen 1259 kafin Miladiyya, matarsa Nefertari ta yi musayar wasiƙa da kyaututtuka da Puduhepa, uwargidan sarkin Hittiyawa, kuma an sami wasiƙar a kufan Hattusa da ke Turkiyya.

Ita kanta Nefertiti, wadda aka maida tambarin kyau, akwai duwatsun da suka nuna ta ta ɗaga makami za ta rotsa kan abokin gaba, hoton da aka saba keɓe wa sarki shi kaɗai. A wani haikali da aka gina a Karnak a farkon mulkin mijinta Akhenaten, ita ake nunawa tana miƙa hadaya ba tare da shi ba. Sassaƙen Berlin kuwa a ɗakin aikin wani masassaƙi mai suna Tutmos aka tsince shi, ido ɗaya babu. Abin da aka bari a kan shiryayyen mai sana'a shi ya zama duk abin da duniya ta sani game da matar da ta tsaya a tsakiyar juyin addini mafi girma a tarihin ƙasarta.

Sai Hatshepsut. 'Yar Tutmos na Ɗaya ce, matar Tutmos na Biyu. Da mijin ya rasu wajen 1479 kafin Miladiyya, ta yi riƙon ƙwarya ga ɗan kishiyarta, Tutmos na Uku, kuma kafin shekara ta bakwai ta cika ta ɗauki cikakkun laƙaban sarki. Ta yi kimanin shekara 20 tana juya ƙasar. Ta aika jiragen ruwa zuwa Punt, can kudancin Bahar Maliya, suka dawo da zinariya da hauren giwa da itatuwan turare da saiwarsu. Ta gina haikalin Deir el-Bahari. Ɗaya daga cikin dogayen ginshiƙan dutsen da ta kafa a Karnak yana nan tsaye har yau, tsayinsa ya kusa mita 30, kuma rubutun jikinsa ya ce wata bakwai aka yi ana fasa dutsen a Aswan. Duk wanda ya taɓa jagorantar aikin gini ya san ma'anar wannan: ma'aikata, abinci, jiragen dako, da ma'ajin da ba ya bushewa. Amma me tsofaffin masanan Turai suka gani? Muguwar kishiyar uwa da ta danne maraya, da raɗe-raɗin soyayya tsakaninta da wakilinta Senenmut. Alhali ba ta kashe yaron ba, ba ta kore shi ba, sunansa yana gefen nata a gine-gine, kuma da shekarun sarautarsa ake ƙirga kwanan wata.

Rigimar launin fata

A watan Mayu na 2023 kamfanin Netflix ya fitar da shiri a kan Kiliyofatra, inda wata 'yar wasa 'yar Birtaniya mai ruwa biyu ta fito a matsayin sarauniyar. Hukumar kula da kayan tarihi ta Masar ta fitar da sanarwa cewa Kiliyofatra fara ce mai siffar Girkawa, aka yi ta cacar baki a intanet makonni.

Dole a yi wa masu neman baƙar Kiliyofatra adalci, domin ruwa ba ya tsami banza. Masanan Turai na ƙarni na 19 da farkon na 20 sun yi ta ƙoƙarin yanke Masar daga jikin Afirka, suna danganta duk wani abin burgewa da aka samu a gaɓar Nilu ga baƙi masu hasken fata. Wannan ƙarya ce, kuma fushin da ta haifar halal ne. Sai dai an zaɓi filin daga mafi rauni. Kiliyofatra ta bakwai jikar Batlamiyus ce, ɗaya daga cikin janar-janar ɗin Iskandar na Makidoniya, kuma gidansu ya shafe kusan shekara 300 yana mulki daga Iskandariyya da harshen Girkanci, galibi suna auren junansu. Tazarar da ke tsakaninta da ginin babbar dalar Giza ta fi tazarar da ke tsakaninta da mu. Giɓin da ke cikin salsalarta, musamman ta ɓangaren kakarta, shi kowane ɓangare yake cikewa da abin da ransa ke so.

Abin takaicin shi ne, ga matan da asalinsu ba ya buƙatar gardama. Amenirdis ta Ɗaya 'yar Kashta ce, sarkin Kush, daga yankin Napata a Sudan ta yau. Ta zama Matar Amun a Tibis a ƙarni na 8 kafin Miladiyya, kuma Shepenupet ta Biyu, 'yar sarki Piye, ta gaje ta. Su ne manyan masu faɗa a ji a kudancin Masar a zamanin gidan sarauta na 25, ɗakunan tunawa da su suna nan a Medinet Habu, mutum-mutumin Amenirdis yana Alƙahira. Me ya sa ba a kansu ake tada jijiyar wuya ba? Saboda Hollywood ba ta yi musu fim ba. Wanda yake faɗa a kan Kiliyofatra da sunan kishin Afirka, ya bar masu fim na Amurka su zaɓa masa gwarzuwarsa, daga Elizabeth Taylor a 1963 har zuwa yau.

Kuma ɓangarorin biyu sun haɗu a kan manta matar kanta. Fulutak, marubucin Girka da ya rubuta tarihin Antoniyo, ya nuna cewa kyanta bai kai a ce babu kamarta ba, abin da ke kama mutane shi ne zancenta, kuma tana magana da jakadun al'ummu da yawa ba tare da tafinta ba. Ta hau mulki a 51 kafin Miladiyya, lokacin da Rum ta riga ta haɗiye kusan duk masarautun da ke kewaye, ta riƙe Masar shekara 21. Ta sa aka kashe ƙanwarta Arsinowe a Afisa a shekara ta 41 don kada a sami mai ja da ita. Ta sayi goyon bayan manyan Rumawa da rangwamen haraji irin na takardar Berlin. Hoton mayaudariya mai lalata maza kuwa farfagandar Oktabiyan ce, wanda ya fi son a ce yana yaƙi da baƙuwar mace a kan a ce yana yaƙin basasa da ɗan'uwansa Barume. Shekara dubu biyu ke nan muna maimaita sanarwar yaƙin abokin gabarta.

Aljannar matan da ba a taɓa yi ba

Akwai wani rukuni kuma, masu kyakkyawar niyya, da ke jera sunayen nan duk ranar 8 ga Maris don nuna cewa a tsohuwar Masar mace da namiji daidai suke. Wannan ma ado ne, an dai sauya masa kaya. Gaskiya ne macen Masar tana iya mallakar fili, ta kai ƙara, ta yi wasiyya: wata mata mai suna Naunakhte a Deir el-Medina ta hana wasu 'ya'yanta gado don ba su kula da ita da ta tsufa ba, kuma takardar tana Oksfod. Amma a zo ga karaga. A cikin shekara kusan 3,000 da gidajen sarauta 30, matan da aka tabbatar sun ɗauki cikakkiyar sarauta kafin zuwan Girkawa ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba: Sobekneferu, Hatshepsut, Neferneferuaten, Tawosret. Sobekneferu ta hau ne da maza suka ƙare a gida na 12, ta yi ƙasa da shekara huɗu, gidan ya rufe da ita. Tawosret ita ce ta ƙarshe a gida na 19, kuma Setnakht da ya biyo bayanta ya ƙwace kabarinta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Hatshepsut, wadda ta fi su daɗewa, sai da aka riƙa sassaƙa ta da gemun sarauta da ƙirjin namiji. Wajen shekara 20 bayan rasuwarta, a ƙarshen mulkin Tutmos na Uku, aka bi gine-ginenta da guduma ana goge sunanta, kuma jerin sarakunan da Seti na Ɗaya ya rubuta a Abidos ya tsallake ta. Jinkirin nan ya nuna ba zafin ƙiyayya ba ne. Gyaran littafin gado ne, don kada a bar misalin da wata za ta kafa hujja da shi.

Rayuwar gimbiyoyi kuwa ta fi haka ƙunci. Wata wasiƙar Amarna ta nuna cewa sarkin Masar ya ƙi bai wa sarkin Babila 'yarsa, da hujjar cewa ba a taɓa aurar da 'yar sarkin Masar a waje ba. Sitamun ta sami laƙabin babbar matar mahaifinta Amenhotep na Uku, Bintanat ma haka da Ramsis na Biyu. 'Ya'yan sarakunan ƙetare su ne ake kawowa: Gilukhepa ta Mitanni ta iso da mata 317 a tawagarta, daga nan labarinta ya dusashe. Sarkin Babila ya yi ƙorafin cewa jakadunsa ba su iya tabbatar masa ko 'yar'uwarsa da ke fadar tana raye ba. A gidan matan sarki na Gurob, kusa da Fayyum, masaƙa ce babba ake gudanarwa, ana fitar da lilin. A irin waɗannan gidaje ne aka ƙulla makircin da wata matar Ramsis na Uku ta shirya don ɗanta Pentawer ya hau, wajen 1155 kafin Miladiyya. Takardun shari'ar suna Turin ta Italiya, kuma hoton cikin gawar sarkin da aka wallafa a 2012 ya nuna an yanke masa maƙogwaro. Inda aka toshe wa mace ƙofar mulki in ba ta hannun ɗanta ba, kada a yi mamaki in an ga wuƙa.

Abin da ya ɗore

In ana neman darasi, yana wurin muƙamin Matar Amun. A shekara ta 656 kafin Miladiyya, Psamtik na Ɗaya, wanda ke mulki daga Sais a arewa, ya so ya haɗe kudu da ƙasarsa. Bai tura runduna ba. Ya tura 'yarsa Nitokris cikin jerin jiragen ruwa zuwa Tibis, matan gidan Kush da ke riƙe da muƙamin suka karɓe ta a matsayin 'ya kuma magajiya. Allon dutsen da ya adana labarin ya lissafa gonakin da aka mallaka mata, kimanin hekta 900, da burodi da sauran abincin da haikalai da manyan gari za su riƙa kawowa. Ta rayu har 586, wato shekara 70 a Tibis. Wadda ta gaje ta, Ankhnesneferibre, ta haɗa har da laƙabin babban limamin Amun, ta riƙe muƙamin Matar Amun har Farisawa suka ci ƙasar a 525.

Babu shakka iyayensu maza sun yi amfani da muƙamin don biyan buƙatarsu ta siyasa. Duk da haka, a duba bambancin. Hatshepsut ta fi su ƙarfi nesa ba kusa ba, amma ikonta a jikinta yake, da ta mutu aka bi shi da guduma. Matan Amun kuwa suna da kujera mai suna, da gandu, da ma'aikata, da rubutacciyar hanyar gado, shi ya sa ikon ya yi ta wucewa daga mace zuwa mace sama da shekara 200, gidajen sarauta uku suna shuɗewa a kansa.

Wannan ba zancen gidan tarihi kaɗai ba ne. Idon da ya saba tambayar yadda Nefertiti take kafin ya tambayi abin da ta yi, shi ne idon da ke duban shugabar ma'aikata ko minista ya fara da ɗaurin ɗankwalinta, ya bi da tambayar wane namiji ne ya tsaya mata. Kuma wanda ya gamsu da jera sunayen fitattun mata huɗu a matsayin hujjar adalci, ba zai lura ba idan ta biyar ba ta taɓa zuwa ba. Duk sa'ad da aka ambaci wata daga cikin matan nan, mai karatu ya yi tambayoyin da marubutan fadar Masar da kansu suka damu su amsa a kan dutse: wane muƙami ta riƙe, gonaki da rumbuna nawa ke ƙarƙashinta, wa ke karɓar umarninta, kuma wa ta miƙa wa da ta tashi.